Dodanni Biyar, Gurbi Huɗu

A yi mini afuwa tun kafin a fara. Ban taɓa rubuta labari ba, karanta na mutane kawai na iya, kuma na san masu wannan aikin suna nan da ransu, ba su ce sun gaji ba. In an ga jimla ta karkace, rashin sabo ne. Yarinyar da za a ji labarinta ba ni ba ce, ko da yake ita ma tana sa tabarau.

Tana cikin tsoma burodi a shayi, littafinta jingine da gwangwanin madara, sai yayanta ya leƙo daga ƙofar kicin yana yafito ta kamar wanda ya ga maciji a bayan firji.

"Tabarau! Zo. Kar ki yi hayaniya."

Sunan da ya laƙa mata ke nan tun tana firamare, ya bi ta har sakandare. Iyayensu ne kawai suke ce mata Auta. Ta kife littafin ta bi shi.

"Huɗu ne," ya ce, ya miƙo mata waya. "Gasar yau. Da dodanni huɗu ake shiga."

"To ai kowa ya sani. Ga shi nan a saman sanarwar."

"Wa yake karanta saman sanarwa? Ni rana na duba, da wuri." Ya sosa ƙeya. "Na yi wa kowa alkawari nasa zai shiga."

"Kowa?"

"Baba. Mama. Kaka. Ke."

"Da kai, biyar."

"Lissafin da ya hana ni karyawa ke nan."

Na'urar wasan ta Yaya ce, shi ya shigo da ita gidan bara. Wasa ne na kiwon dodanni: ka kama ɗan ƙarami, ka ciyar da shi, ka horar da shi, in ya ƙosa ka haɗa shi faɗa da na wasu. Da farko Baba ya ce aikin marasa aikin yi ne. Wata rana ya karɓa don ya ga abin da yake cinye wa yaro lokaci, bai mayar ba sai da batir ya mutu. Kafin damina ta fita kowa a gidan yana da dodonsa a garke ɗaya. Na Yaya damisa ce mai lantarki a jiki, ya sa mata Kar-ta-kwana. Na Baba bushiya ce mai watsa ƙaya a fili, da yake tela ne sai ya kira ta Basilla. Mama, ma'aikaciyar jinya, ta zaɓi wata barewa mai warkar da 'yan uwanta, sunanta Sannu. Na Kaka kuwa Ɗan Lele, wani abu mai kama da tulu da aka yi wa ƙafafu, wanda bai taɓa shiga faɗa ba, don Kaka ta ce ba ta yi kiwonsa don a dake shi ba. Kullum da safe sai ta ɗura masa abinci, ta shafa masa ciki da yatsa ta jikin gilashi.

Na Tabarau tsuntsu ne baƙi wuluk mai lanƙwasasshiyar jela, shi ya sa ta kira shi Waƙafi. Duk garken babu kamarsa, wannan ko Yaya ba ya musu. Ita da in malami ya kira sunanta a aji sai muryarta ta maƙale, ta daɗe tana hasko yau a ranta: Waƙafi a babban talabijin na shagon wasanni, ɗaki cike da mutane, ita kuma tana can baya ba wanda ya san nata ne. Ba ta son a gan ta. Shi take so a gani.

"Ke za ki zaɓa," in ji Yaya, ya danƙa mata na'urar.

"Ni? Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa."

"Ke kika karance wasan nan kamar za a yi miki jarrabawa. Ni wayoyin mutane ne jibge a shago, ba zan tashi ba sai la'asar. Ki gwada su, ki fitar da huɗu, ki kai wa mai shagon wasanni ya shigar. In ya shigar shi ke nan, babu canji." Ya rataya jakar kayan gyaransa. "Kuma ai magana a fili take, tulun Kaka ne zai zauna a gida. Ke dai ki gaya mata, ta fi jin taki."

Kafin ta haɗa amsa har ta ji tashin babur ɗinsa a waje.

Ta sami Kaka a ɗaki tana guga da kanta, abin da ta bari tun da gwiwa ta fara damunta. Mayafin da ke shimfiɗe kuwa wanda ba ya fitowa daga ƙasan akwati ne sai da dalili.

"Kawo Ɗan Lele nan, ƙawata, bai karya ba." Kaka ta ajiye dutsen guga, ta karɓi na'urar da hannu biyu kamar jariri. "Ci, ɗan albarka, ci. Yau mutane za su gan ka, kar a ce ba a kula da kai a gida."

Ɗan Lele ya haɗiye, ya yi gyatsa, ya lumshe ido.

"Kaka, dama..."

"Na gaya wa maƙwabciyarmu mai kanti, wai sai ta ce me zai je yi, tunda bai iya komai ba. Na ce mata ke jikanki da yake kwana har azahar me ya iya? Ai kuwa ta shige ciki ta ja labule." Kaka ta yi dariya har tana dafa tebur. "Kika ce dama me?"

Tabarau ta dubi mayafin, ta dubi tulun.

"Dama... gugar ta yi kyau."

Baba ya manta filas ɗin shayinsa, ta samu hanyar gudu, ta ɗauka ta kai masa. Shagonsa yana ƙarshen layin masu yadi, ɗan ɗaki mai keke biyu da fanka ɗaya da take juya zare da ƙyalle a ƙasa. Ta zauna a benci tsakanin dunƙulen yadi, ta haɗa da intanet ta fara neman abokan gwaji.

Biyu-biyu ake fitowa fili, biyu suna jira a baya. Ta fara da abin da Yaya ya ce: ta ajiye Ɗan Lele, ta fito da tsuntsu da damisa tare. Kowannensu gwanin duka ne, amma jikinsu kamar takarda. Wani da ba ta san ko a wace duniya yake ba ya jefo musu dutse ɗaya, su biyun suka zube. Ta sake. Aka sake zubar da su. Ta gyara zaman tabarau, ta canza wanda zai fara, ta canza dabara, duk kanwar ja ce. Kowa yana son ya kai duka, babu mai tsayawa ya karɓa.

Don dai ta cire shakka, ta saka tulun. Abin da ta gani ya sa ta matso da fuska. Shekara guda na ɗurar Kaka bai tafi a banza ba: layin ran Ɗan Lele ya kusa fita daga gilashi. Abu biyu kacal ya iya, tsayawa a gaba da yin barci. Aka dake shi da wuta, aka dake shi da ƙanƙara, yana tsaye yana ƙifta ido, na bayansa suna aikinsu hankali kwance.

"Wayyo," ta ce a hankali. Tulu dai ba ya ciruwa.

Keken Baba ya tsaya. Ya dube ta ta gefen ido, fil biyu a bakinsa.

"Ya take yi?"

"Wa, Baba?"

"Babu kowa. Tambaya na yi." Ya cire fil ɗin, ya juya ga wani mai jiran a ɗaga masa ƙafar wando. "Ka san, malam, zaren ciki ba a ganinsa. Amma zare shi ka ga inda riga za ta kwana. Ba wai ina cewa a saka tawa ba. Ni ba yaro ba ne."

Sai a lokacin ta lura da aljihun rigarsa. Ya yi masa aikin 'yar bushiya da jan zare, har da ƙayoyinta.

Duk da haka ta gwada garken babu Basilla, tana karkatar da na'urar kar ya gani. Babu ƙaya a fili, abokan karawa suka riƙa canza dodanninsu yadda suka ga dama, faɗa ya ƙi ƙarewa. Tana cikin gwada shi babu Sannu wayarta ta yi ƙara. Mama ce, ana jin ƙarar keken marasa lafiya a bayanta.

"Auta, na samu! Na yi musanyar aiki da wata, zan riƙe mata nata ranar Lahadi. Ki kama mini kujera a gaba. Ya 'yar barewata?"

A gilashi, garken da babu barewa yana mutuwa ɗaya bayan ɗaya.

"Lafiyarta ƙalau, Mama."

"In babu wuri fa kar ki damu da tawa, kin ji?"

Tabarau ta san wannan muryar. Da ita Mama take cewa ba sai an rage mata nama ba.

"Akwai wuri."

Ta shiga bas zuwa babban ginin shaguna inda za a yi gasar, ta samu kujerar taga. Gwaji biyu suka rage, kuma tun safe take kewaye su kamar mai kewaye kududdufi. Ta cije leɓe, ta ajiye Waƙafi. Tulu a gaba, bushiya ta watsa ƙaya, barewa tana ɗinke rauni, damisa ta fito ta gama aiki. Ta ci. Ta sake neman wani, ta sake ci. Haushi ya kama ta har ta yi tsaki, matar da ke gefenta ta janye kwandonta.

"Yi haƙuri, Anti, ba da ke nake ba."

"To da wa? Ku yaran yanzu har da gilashi kuke faɗa."

Sannan ta juya abin: ta ajiye damisar Yaya, ta maido tsuntsunta. Ta ci, ci mai kyau kuwa, wanda ya fi na ɗazu tsabta. Waƙafi ya tashi sama ya ɓace, ta jira abokin karawa ya saki jiki, sannan ta sauko da shi kamar an saki guduma.

Ta ɗora na'urar a cinya tana kallon titi. Ashe tun farko ba maganar tulu ba ce. Tsuntsu da damisa aiki ɗaya suke yi, kuma gurbin mai wannan aikin ɗaya ne. Zakara biyu ne a akurki. Yaya da bakinsa ya ce ta zaɓa. Nata ya fi, ba son kai ba ne, ga shi ta gani da idonta. In ta saka Waƙafi babu alƙalin da zai ce ta yi zalunci.

Shagon wasannin yana hawa na biyu, tsakanin mai sayar da takalma da mai aski. Ciki ya cika da samari da 'yan mata, da warin roba mai zafi, da kujerun roba da aka jera gaban wani talabijin mai faɗin ƙofa. Firjin lemo yana gurnani a bakin shiga. Mai shagon, wani mai gemu da abin sauraro rataye a wuya, yana zaune a kanta yana shigar da garken kowa. Ta bi layi.

Daga nan ta hango Yaya. Ya riga ta isowa, ya ari na'urar wani yana ɗumama hannu. Ƙafarsa tana rawa, babban yatsansa yana danna maɓalli tun abokin karawarsa bai gama motsi ba. Duka, duka, duka. Wani ya ce masa, "Jira mana ka ga me zai yi." Yaya ya ce, "Jira na masu jinya ne," ya sake dannawa.

Tabarau ta tsaya tana kallon yatsan nan. Waƙafi tsuntsun haƙuri ne. Sai an ɗaga shi sama, an bar zagaye guda ya wuce ba a yi komai ba, an karanci mutum, sannan a sauko. A bas hannunta ne ya ci. A nan hannun Yaya ne zai riƙe. Zai sauko da shi tun bai gama tashi ba, ya kai shi bakin dutse, a fige mata tsuntsu a gaban mutane a talabijin mai faɗin ƙofa. Damisa kuwa kamar dominsa aka haife ta: ba ta tunani, ba ta jira.

"'Yammata," mai shago ya ƙwanƙwasa kanta. "Huɗu. Akwai mutane a bayanki."

Ta miƙa na'urar ya jona. Ta taɓa tulu. Ta taɓa bushiya. Ta taɓa barewa. Waƙafi yana gefe yana gyara fuka-fuki da baki, bai san ana yi ba. Yatsanta ya tsaya a kansa har mai shago ya ɗaga gira.

Ta taɓa damisa.

"An rufe," in ji shi. "Na gaba!"

Ta kama kujeru uku a gaba. Baba ya iso riƙe da hannun Kaka, suna hawa matattakala tana yi wa wanda ya gina ta addu'ar shiriya. Mama ta shigo da kayan aiki a jikinta, ko canzawa ba ta tsaya yi ba. Yaya ya zo ya ja Tabarau gefe.

"Kin gaya wa Kaka?"

"An shigar. Ka saurara: tulu a gaba, kar ka cire shi ko me ka ji. Ƙaya tukuna, sannan damisa."

"Tulu? Wane tu..."

Aka kira shi. Abokin karawarsa wani dogon saurayi ne da ake ce wa Janar, shi ya ci gasar bara, ya zauna yana murza wuya. Garkunan biyu suka gilma a talabijin kamar ƙiftawar ido.

"Ga tawa can!" in ji Baba, ya manta shi ba yaro ba ne.

"Ga 'yar barewata," in ji Mama.

"Ɗan albarka!" Kaka ta ɗaga hannu tana gaida shi. "Kun ga yadda ya cika fili?"

Kowa ya ga nasa, hankalinsa ya kwanta.

Janar ya fito da wani ƙaton kada mai aman wuta. Ɗakin ya yi dariya da ganin tulu. Kada ya ja numfashi ya kwarara wa Ɗan Lele wuta tun daga kai har ƙafa.

Kaka ta miƙe tsaye kamar ba mai ciwon gwiwa ba.

"Kai! Kai! Ku kashe abin nan! Ba haka muka yi da kai ba, ja'iri! Cewa ka yi za a nuna shi!"

"Kaka, faɗa ne ai," Yaya ya ce ba tare da ya juyo ba, zufa tana bin wuyansa.

"Faɗan gidanku! Yaron da ko sauro ban bari ya cije shi ba? Kai mai gemu, cire wayar!"

Mama ta riƙo mayafinta. "Zauna, Inna, dubi layinsa. Ko gezau bai yi ba. In ma ya ji ciwo ga Sannu nan, aikinmu ne."

Hayaƙi ya washe. Ɗan Lele yana nan tsaye inda yake, yana ƙifta ido. Kada ya sake, ya sake. A karo na gaba tulun ya yi hamma, ya zauna, ya kama barci a tsakiyar fili, layin ransa yana komawa yana cika. Ɗakin ya kece. Wani ya fara, saura suka ɗauka: "Tulu! Tulu! Tulu!"

Kaka ta juyo ta fuskanci jama'a. "Sunansa Ɗan Lele, marasa kunya!"

"Ɗan Lele! Ɗan Lele!"

Janar ya daina murza wuya. Ya janye kada ya turo wani, sabon ya taka ƙaya ya yi tsalle. Ya janye shi, na ukun ma ya taka.

"Kun gani?" Baba yana zungurar wani saurayi da bai taɓa gani ba. "Zaren ciki ke nan. Tun safe nake faɗa."

Tabarau tana tsaye a jikin bango, ta dunƙule hannu a aljihun siket. Ta ga yatsan Yaya yana ƙaiƙayi, ta ce a ranta, yanzu, yanzu kam danna. Kamar ya ji. Damisa ta fito, ba sallama ba gaisuwa, ta bi raunanan dodannin Janar ɗaya bayan ɗaya, fili ya cika da tartsatsi. Da na ƙarshe ya faɗi, kujerun roba suka kife. Ita ma ta ji wani ihu ya fita daga bakinta, ta yi maza ta toshe shi da tafin hannu.

Yaya ya hau kujera. "Dabara ce! Tun jiya na tsara ta! Na ce tulu a gaba!"

"Kai da ka so a ƙona mini shi," in ji Kaka, tana share ido da gefen mayafin da ta goge da safe. Samari sun kewaye ta suna tambayar me take ba shi. Ta ce sirrin gida ne. Janar da kansa ya zo ya rusuna ya gaishe ta, ta ce Allah ya shirye shi da kadansa.

Tabarau ta ji wani abu ya ɗan soke ta a ƙirji, ƙarami, kamar ƙayar Basilla. Dariya kuma tana cin ta. Ta rasa wanne za ta bi, sai ta cire tabarau ta goge da bakin hijabi ta mayar.

"Iyalan mai nasara, a matso a ɗauki hoto kafin zagaye na biyu!" in ji mai shago.

Talabijin ya jero waɗanda suka ci, wannan karon ya bar su a tsaye: tulu, bushiya, barewa, damisa. Baba yana gyara aljihu don aikin ya fito a hoto. Yaya yana ba wani labarin yadda dabarar ta zo masa a kan babur. Mama ce kawai ta tsaya tana kallon gilashin. Murmushinta ya ragu kaɗan. Leɓɓanta suka fara motsi, kamar in tana ƙirga ƙwayoyin magani a tafin hannu.

In Mama ta gama ƙirgar nan ta ga babu tsuntsu, za a yi kiran suna, a juyo, a ce Allah sarki, ɗaki guda ya zuba mata ido. Tabarau ta ja da baya. Wani mai ɗauke da kwalaben lemo ya gilma tsakaninsu, ta bi bayansa, ta raɓa ta gefen firji, ta fita.

A kan matattakala iska ta fi sanyi. Tana sauka tana jiyo muryar Kaka ta rufe ta kowa, tana rantsuwa babu wanda zai sake shigar da yaron nan fili sai ya ci abinci.